Babi na Bakwai: Tsoro, Ciwo da Waraka a Ƙasar Mairuwa

Duk matafiyin da ya bar Funtuwa ya kama hanyar Gusau, kafin ya yi nisa zai iske garin Mairuwa na ƙaramar hukumar Faskari, da madatsar ruwansa wadda mutanen Funtuwa suke sha daga gare ta, masunta suke jefa koma a cikinta, masu lambu kuma suke ban ruwa a gefenta idan rani ya yi. Ƙasa ce ta noma tun kaka da kakanni, ita da maƙwabtanta Ƙanƙara da Sabuwa, inda masara da dawa da auduga da waken suya suke yin albarka, har ya zamana 'yan kasuwa daga nesa suna zuwa awon hatsi a kasuwannin Sheme da Ɗandume. Amma a shekarun nan na baya Allah ya jarrabi mutanen wannan yanki da fitinar 'yan bindiga, waɗanda suke fitowa daga dazuzzukan da suka haɗa su da Zamfara da Birnin Gwari. A watan Yuni na 2020 aka afka wa ƙauyen Kadisau aka kashe mutane da yawa. A daren 11 ga Disamba na 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara aka kora ɗalibai cikin daji, har sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. A watan Satumba na 2021 kuma hukuma ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, cikinsu har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ya zamana uwa ba ta da hanyar jin muryar ɗanta da ke wani gari.

Jaridu da gidajen rediyo sukan ƙidaya waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace da shanun da aka kora, kuma haƙƙi ne a ƙidaya su. Akwai dai wata hasara wadda alƙalami bai cika kamawa ba, ita ce cutar da take saura a jikin waɗanda suka tsira, bayan an binne mamata an kuma biya kuɗin fansa. Wanda ya zauna a shagon mai kemis ko a barandar ƙaramin asibiti a wannan yanki zai ji koke-koke masu kama da juna: wannan ta ce kanta kamar zai tsage, wancan ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, wata ta ce gabanta ba ya daina faɗuwa, wani ya ce akwai abin da ke yawo a jikinsa daga kafaɗa zuwa ƙafa, mafi yawansu kuwa su ce barci ya ƙaurace wa idanunsu. Akan ɗebi jini a auna zazzaɓin cizon sauro da taifot, wani lokaci a samu, wani lokaci kuma a ce wa mutum babu abin da ke damunsa, alhali shi ya san yana jin ciwo. Daga nan sai hukunci ya rarrabu a bakin jama'a: wasu su ce raki ne, wasu su ce iska ce ko sammu, wasu kuma, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa zafi, su ce ƙarancin tawakkali ne. Maƙasudin wannan babi shi ne a bayyana cewa ciwon nan ciwo ne na haƙiƙa, yana da sababi da aka sani da hanyar da yake bi, domin zuciya da jiki Allah ya halicce su a sarƙe, abin da ya sami ɗaya lalle sai ya isa ga ɗayan, ko a wajen cuta ko a wajen waraka. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da suka ce jiki magayi.

Malamanmu na Musulunci ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala. Duk almajirin da ya kai Suratu Yusuf ya san cewa idanun Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma ganinsa ya dawo da ikon Allah sa'ad da mai bushara ya jefa rigar Yusuf a fuskarsa. Wa zai buɗe baki ya ce annabin Allah ya gaza a tawakkali? Ya inganta kuma cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan yi umarni a dama talbina, wato wani irin kunu na sha'ir, a ba mara lafiya da wanda aka yi wa mutuwa, saboda ta ji daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa tana sanyaya zuciyar majinyaci tana kuma rage baƙin ciki. A nan abinci ne ya shiga ciki ya yi wa zuciya aiki, a can kuwa baƙin ciki ne ya fito daga zuciya ya yi wa ido aiki, wato hanyar tana da zuwa tana da dawowa.

A kan wannan harsashi masanan tibbu suka yi gini. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya zargi likitocin zamaninsa da kula da gangar jiki kaɗai, ya keɓe babi-babi ga fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya kuma rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar mutuwar masoyi ko hasarar dukiya, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili na zahiri ba. Ibnu Sina, mai littafin Alƙanun, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana yadda likita zai riƙe jijiyar hannun wanda soyayya ta ramar yana ambaton sunaye, har ya gane wadda ake so daga yadda bugun jini ya canza. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi guda, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya yi talifi a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur. Waɗannan bayin Allah sun ɗauki neman magani da gyaran zuciya a matsayin aiki ɗaya.

Abin da likitocin zamani suka ƙara shi ne bayanin hanyar da al'amarin yake bi a cikin jiki. A yaƙin duniya na biyu wani likitan Amurka, Henry Beecher, ya yi aiki a fagen fama a ƙasar Italiya, ya tambayi sojoji 215 waɗanda suka sami munanan raunuka ko suna bukatar allurar mofin mai kashe raɗaɗi, sai ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu ba su nema ba, alhali daga baya ya ga mutanen gari da aka yi wa tiyata mai rauni makamancin wannan mafi yawansu sukan roƙi allurar. Da ya buga sakamakon sojojin a 1946 ya fassara shi da cewa a wurin soja rauni yana nufin fita daga bakin mutuwa zuwa gadon asibiti, a wurin ɗan gari kuwa yana nufin masifa da tsayawar sana'a. Ashe ma'anar da zuciya ta ba rauni tana ƙara raɗaɗinsa ko ta rage shi. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack mutumin Kanada da Patrick Wall mutumin Ingila, suka kawo bayanin cewa saƙon ciwo da ya taso daga fata ko gaɓa sai ya ratsa wata mashiga a cikin lakar ƙashin baya kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa da kanta tana aiko umarni a faɗaɗa mashigar ko a ƙuntata ta, kamar dogarin da ke ƙofar zauren hakimi, wanda yakan shigar da wani mai ƙara nan take, ya tsai da wani a waje. Tsoro da kaɗaici da rashin barci suna buɗe wannan mashiga, natsuwa da shagala da wani abu da shafar wurin da ke ciwo suna ƙuntata ta. Wannan ne asirin uwar da take murza goshin ɗanta idan ya yi karo da bango, da wanzamin da yake jan yaro da hira kafin ya sa aska, da samarin Fulani da suke karɓar bulalar sharo a gaban 'yan mata fuskarsu ba ta motsa ba.

A 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz, a jami'ar Aberdeen, suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana sarrafa wasu sinadarai nata masu aiki irin na mofin. Shekara uku bayan haka, a 1978, wasu likitoci a San Faransisko suka ba mutanen da aka cire wa haƙori allurar da babu magani a cikinta, wasunsu suka ji sauƙi saboda sun sakankance an ba su magani. Da aka yi musu allurar nalokson, wadda take toshe aikin mofin a jiki, sai raɗaɗin ya dawo. Wannan ya tabbatar da cewa kyakkyawan zato da amincewa da mai magani suna sa jiki ya fitar da maganinsa na kansa, wanda ana iya auna shi ana kuma iya toshe shi. Saboda haka idan tsohuwa ta ce tun da liman ya yi mata tofi, ko tun da likita ya dafa kafaɗarta ya yi mata magana mai daɗi, ta ji nauyin ya ragu, gaskiya ta faɗa, kuma mumini ya san cewa Allah ne ya halicci sababin da abin da sababin ya haifar.

Yanzu sai mu juya ga tsoro, wanda shi ne asalin cutar mutanen yankin da muke magana a kai. Tun a 1915 Walter Cannon na jami'ar Harvard ya bayyana abin da ke faruwa ga mai rai idan ya hangi hatsari: wasu 'yan halittu da ke zaune a kan ƙoda su kwararo sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama, tsokoki su ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci, jiki duka ya shirya ko dai gudu ko dai faɗa. Wannan rahama ce daga Ubangiji, da ita mutum yake tsallake katangar da da rana ba zai iya ba, da ita yake keta sarƙaƙiya cikin dare ba takalmi, sai gari ya waye ya ga ƙafarsa jina-jina. An yi wannan shiri domin ɗan lokaci, hatsari ya wuce jiki ya koma daidai. To, yaya halin wanda hatsarinsa bai wuce ba? Manomin da yake huɗa kunnensa yana daji, da matar da take kwana da goyo a baya domin kada gudu ya kama ta ba shiri, da mutanen ƙauyen da suke barin ɗakunansu da magariba su kwana a gona, da magidancin da ya sayar da shanun huɗa da gonar gado yana jiran kiran waya daga waɗanda suke riƙe da iyalinsa, duk waɗannan jikinsu yana tsaye cikin shirin gudu wata da watanni. Sinadarin kotisol, wanda yake biyo bayan adiranalin, idan ya daɗe yana yawa sai ya hana barci, ya taimaka wajen hawan jini da hawan sukari, ya raunana garkuwar jiki. Tsokokin wuya da na baya da suka daɗe a ɗaure su zama ciwon kai da ciwon baya. Mashigar ciwon da muka ambata kuma ta zauna a buɗe, ƙaramin abu ya riƙa yin zafin babba.

Har warkewar rauni na zahiri tana jin wannan. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a jihar Ohayo ta Amurka suka yi wa wasu mata ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu, wasunsu masu jinyar 'yan'uwa ne da cutar mantuwa ta tsufa ta kama, wasunsu ba su da wannan nauyi. Raunin masu jinyar ya ɗauki kimanin kwana tara fiye da na sauran kafin ya rufe. Idan ɗawainiyar jinya kaɗai tana yin haka, mai hankali zai iya ƙiyasta abin da zaman ɗar-ɗar yake yi wa mai jego, da wanda maɗori ya ɗora wa karaya, da wanda aka ciro wa harsashi. Yara kuwa, da yake bakinsu bai iya faɗin abin da ke ransu ba, jikinsu ne yake magana: wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wani ya riƙa firgita cikin barci, wani da ya ji ƙarar babura sai ya sheƙa ɗaki yana makyarkyata, wani kuma karatu ya ƙi zama a kansa, malami ya ɗauka daƙiƙanci ne ya sa masa bulala.

A nan wajibi ne a yi gargaɗi, kada mai karatu ya zarce iyaka ya ce kowace cuta tunani ce. An daɗe ana cewa damuwa ce take kawo gyambon ciki, wato olsa, har sai da Barry Marshall da Robin Warren na ƙasar Ostareliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce take haddasa mafi yawansa, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Maganinta kuwa ƙwayoyi ne da likita yake rubutawa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya jin lallashi, tarin fuka da sikila da ciwon daji kowanne yana da maganinsa ko kulawarsa a asibiti, mai hawan jini kuma idan ya ajiye ƙwayarsa ya ce ya dogara da kwanciyar hankali, to ya kusantar da kansa ga shanyewar ɓarin jiki. Ƙa'ida ita ce a fara da awo a asibiti, a yi maganin abin da aka samu, sa'an nan kada a tsaya nan, a tambayi abin da ke cin zuciyar mutum.

Rashin wannan tambaya ne ya jefa jama'a da yawa hannun ƙwaya. Mai ciwon jikin da ba a gano kansa ba yakan sayi magungunan kashe raɗaɗi irin su diklofenak ya riƙa sha kullum, su kuwa idan aka daɗe a kansu suna cinye bangon ciki suna lalata ƙoda. Matasa kuma sukan koma ga taramol domin su sami ƙarfin aiki su kuma manta abin da idonsu ya gani. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya, kimanin miliyan 4.6 daga cikinsu da irin su taramol da kodin. A watan Mayu na 2018 ne gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Hani yana da amfaninsa, sai dai muddin ciwon da ya kai yaro ga ƙwaya yana nan, zai nemi wata.

To, ina mafita, tun da likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka 'yan ɗaruruwa ne, manyan asibitocinsu na wannan shiyya kuma suna Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano, nesa da mai gona a Sabuwa? Wani ɗan ƙasar nan ya riga ya nuna hanya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda yake saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Wannan aiki ya ɗaukaka sunansa har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙasar Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi bayan wata shida.

Abin da waɗannan likitoci suka gina da wahala, mu muna da tushensa a gida. Muna da dubiya da jaje da zaman makoki, muna da ungozoma wadda mata suke gaya wa abin da ba sa gaya wa miji, muna da limamin unguwa da malamar Islamiyya, muna da majalisar dattawa a gindin bishiya da gayya a gona. Fitina ta warwatsa waɗannan, domin wanda ya yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Katsina ya bar gonarsa ya kuma bar mutanen da suka san sunan kakansa. Akwai kuma inda al'adarmu ta kunya da dauriya, wadda ado ce a wurinta, take zama cuta: matar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga takan haɗiye abin da ya same ta saboda tsoron gori, namiji kuma yakan ga kuka ko faɗin tsoro ragwanci ne. Haƙurin da shari'a ta yaba shi ne barin fushi da hukuncin Allah, bai hana mutum ya gaya wa likita ko amini abin da yake ji ba, kuma Manzon Allah da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Saboda haka kira na farko ga ma'aikacin lafiya ne: idan awo bai nuna kome ba, kada ya ce wa mutum lafiyarsa ƙalau ya sallame shi, ya tambaye shi yadda yake barci, da abin da ya faru a garinsu, da wanda ya rasa, ya kuma bayyana masa yadda tsoro yake zama ciwo, domin sanin sababi kansa yana rage fargaba. Malami ya haɗa addu'a da nasihar zuwa asibiti, ya kuma hau mumbari ya tsawata wa masu gorin waɗanda aka sace. Dangi su yawaita ziyara, su saurara ba tare da gaggawar cewa a manta ba, su mayar da mutum cikin sana'a da jam'in salla da hidimar biki a hankali, su kuma gaggauta kai shi ga likita idan ya daina ci, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa. Hukuma kuwa, tun da an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda aka bayyana a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ya kamata a ga amfaninta a ƙananan asibitocin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ta hanyar horar da ma'aikatan da suke wurin da ajiye magungunan da suka dace. Bayan wannan duka, babu allura ko nasiha da za ta kwance jikin da yake jiran hari a kowane dare. Tsare rayukan talakawa, wanda shi ne farkon haƙƙinsu a kan shugabanni, shi ne kuma farkon maganinsu. Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya mayar wa ƙasar Mairuwa da maƙwabtanta da zaman lafiyarsu, amin.